Shayin da Kawu Ya Ba Mutanen Daji

Daga Allah muka fito, gare shi kuma za a tattara mu. Kawu ya amsa kira da hantsi, kafin azahar mun kai shi.

Sahu biyu aka yi a kan gawarsa, na biyun ma bai cika ba. Na juya na ƙirga bayan sallama. Mutumin da ya haura saba'in a garin nan, wanda babu gidan da bai taɓa ɗaukar makara daga ƙofarsa ba. Za a ce tsoro ne, maƙabarta tana bakin daji, kowa so yake a mayar da ƙasa a dawo. Akwai wannan, ban musa ba. Amma sati uku kafin nan mun binne wani a wurin, sahu shida aka yi.

Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure. Masu gaisuwa suna zuwa, ba sa zama. Mutum zai durƙusa ya ce, "Ya haƙuri," ya shafa, ya miƙe kamar akwai ƙaya a tabarmar. Wani dattijo sa'an Kawu, wanda rana ɗaya aka yi musu kaciya, cewa ya yi, "To, Allah dai ya san na kirki," ya gyara hula ya wuce. Wani kuma yana saka takalmi, a zatonsa ban ji ba, ya ce da na kusa da shi, "Ko mutanen nasa za su zo gaisuwa?" Ɗayan ya toshe baki. Ruwan da mata suka aiko a kwano har ya yi ɗumi ba wanda ya kai baki.

Surukin Kawu, mijin babbar ɗiyarsa, mai sayar da hatsi da muke kira Alhaji, ya zo. Ya yi sallar gawa, amma bai bi mu maƙabarta ba. Can ƙarshen tabarma ya zauna, ya ba zauren rabin baya, yana latsa waya.

Ni ɗan ƙanwar mamacin ne. Karatuna aji huɗu ne na firamare, sauran a gona da tasha na yi shi. Ba zan kama sunan kowa ba, har sunan garinmu. Wanda ya san tsakanin Runka da Batsari a shekarun nan ya san dalili. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, shekara biyu ana cewa Kawu mutumin ɓarayin daji ne, ya zaunar da su a zaurensa ya ba su shayi, sannan ya nuna musu gidan surukinsa. Ya mutu ana faɗa. Ina wurin ranar, kuma ba na so a rufe shi da wannan magana yadda aka rufe shi da ƙasa.

Sai dai dole in fara da butar, in ba haka ba ba za a gane ba.

Da sauran ƙarfinsa Kawu ya yi gadi a sansanin masu aikin titi, can nesa da gida. A cikin ma'aikatan akwai wani tsoho ɗan Caina, makaniken manyan motoci. Kullum in an tashi aiki sai ya zauna bayan kwantena da wata 'yar buta, Kawu yana kawo masa ruwan zafi. Tun yana kawowa ya tafi, har tsohon ya fara nuna masa kujera. Shekara uku suna haka.

"Bai san Hausa ba, ban san nasa ba," in ji Kawu. "Shekara uku ba mu taɓa faɗa ba. Ka ga amfanin rashin baki."

Ranar da aiki ya ƙare tsohon ya naɗe butar a tawul ya ba shi, da 'yan kofuna uku, da ganyen da aka danne kamar faifai aka naɗe a takarda. Da wannan ya ƙare, wani direba ne yake samo masa irinsa a Kano.

Butar bai fi a rufe ta da tafi biyu ba. Ta yumɓu ce, ja mai duhu, ba fenti ba ado, sai sheƙin da hannu da shayi suka ba ta. Kofunan kuwa kurɓa biyu sun ƙare. Mu nan shayi shi ne na mai teburi, babban kofi, madara, sukari cokali uku, a tsoma burodi. Ko na samari da ake tafasawa a butar ƙarfe har ya yi danƙo. Da Kawu ya dawo da tasa, dariya gari ya yi. Wasu suka ce butar 'yar tsana, wasu suka ce ta aljanu ce, shi ya sa kofunan ƙanana.

Ni ban koya don sha'awa ba. Na je ci-rani kudu, na yi shekara huɗu, na dawo da tari da jakar leda. Kowa yana da abin faɗa mini, har waɗanda ba su taɓa wuce Safana ba. Kawu ne kaɗai bai tambaye ni komai ba. Ya aika aka kira ni bayan la'asar, na tarar ya hura gawayi a kurfoti.

"Zauna. Kada ka taɓa komai."

Ya zuba ruwan zafi a cikin butar babu ganye, ya rufe, ya ƙara kwarara wani a jikinta ta waje, ya juye a kofunan ya zubar. Ya sa tsinin wuƙa ya ɓanɓaro ganye kaɗan daga gefen faifan, a hankali, kada ya farfashe. Ya sa a butar ya zuba ruwa. Ina miƙa hannu sai na ga ya tsiyaye shi duka a ƙasa.

"Kawu, zubarwa ka yi?"

"Ganye ya sha tafiya. Sai ya yi wanka."

"Wannan ai almubazzaranci ne."

"Kai da ka sauka daga mota, da dattin hanya ka shiga masallaci?"

Ya sake zuba ruwa, ya rufe, bakinsa yana motsi. Ya tsiyaye a kofuna uku, yana zagayawa kaɗan-kaɗan don kada wani ya fi wani ƙarfi, har ɗigon ƙarshe. Ba a barin ruwa ya kwanta a kan ganye, in ji shi, ɗaci yake jawowa. Na tambaye shi me yake karantawa.

"Istigfari goma. Na biyu goma sha biyar, na uku ashirin, haka har ganye ya gaji. Shi mutumina agogo yake dubawa. Ni na samo agogon da ya fi riba."

Na kurɓa. Ƙamshin ƙasa na ji, irin na ranar da aka yi ruwan farko. Na ce babu sukari? Ya dube ni kamar na zagi wani.

"Ƙarfe mantuwa gare shi, ka dafa komai ka wanke ya wuce. Yumɓu ba ya mantuwa. Abin da ka zuba mata shi za ta riƙe, ta riƙa mayar maka. Ganye ɗaya ta sani tun tana hannun wancan. Ba sukari, ba madara, ba sabulu. In an gama, ruwan zafi, a goge da tsumma, a bar murfi a buɗe ta sha iska."

Sannan ya nuna mini wasan da yake yi wa kowane baƙo. A kan murfin akwai 'yar huda. Yana cikin tsiyayawa sai ya ɗora yatsa a kanta, ruwa ya tsaya cak. Ya ɗaga, ya ci gaba. Ya ce da haka ake gane butar da aka gina da gaskiya. Ranar na yi dariya, karo na farko tun dawowata. Mun sha zagaye bakwai, bai ambaci kudu ko sau ɗaya ba.

Kada a ɗauka waliyyi nake kwatantawa. Kawu yana da taurin kai, yana da baki mai yanka, kuma a kan butar nan ba shi da kara. Wata rana matarsa, da muke kira Iya, ta haɗa ta da kwanuka ta kai bakin rariya, ta ga cikinta ya yi baƙi. Ya shigo ya tarar soso yana hannunta da kumfa. Tsohon da gwiwa ta hana shi ruku'u sosai, sai ga shi ya tsallake turmi.

"Ajiye. Ajiye na ce."

"Datti ne fa, Malam. Ka ga cikinta kuwa?"

"Wannan dattin ya girmi autanki."

"To ka riƙa kwana da ita, ta dafa maka tuwo."

Kwana uku ba su yi magana ba, sai ta jikoki ake aika saƙo. Haka da Alhaji ya dawo daga Makka ya kawo masa babban filas da kwalin ganyen shayi mai zare, don dai a raba surukinsa da abin dariya. Kawu ya yi godiya, washegari ya kai su masallaci ya ce na masu i'itikafi ne. Alhaji bai manta ba. Na faɗi wannan don a san akwai ɗan tabo tsakaninsu tun kafin ranar.

Ranar kuwa kasuwar Runka ce, ƙarshen damina, dawa ta rufe mutum. Duk mai ƙarfi ya tafi kasuwa, har Alhaji. Garin sai mata da yara da tsofaffi, da ni da zazzaɓi ya hana fita. Zauren Kawu shi ne na farko in ka shigo daga yamma. Bayan azahar muna zaune, gawayi ya kama, sai muka ji babura. Kowa a nan ya san ƙarar baburan garinsu. Waɗannan ba namu ba ne.

Uku ne, mutum shida, kowa da bindiga a kafaɗa. Ba su yi harbi ba. Wanda ke gaba bai fi ashirin da biyar ba, ya ja rawani ya rufe baki. Ko kashe babur bai yi ba.

"Baba, ina gidan Alhaji mai hatsi?"

Ba hatsi suka zo nema da rana tsaka ba. Mutane suka zo ɗauka. A gidan akwai ɗiyar Kawu, da yara biyar, da mahaifiyar Alhaji wadda ƙafa ɗaya ta shanye.

Kawu ya ce, "Sannunku da hanya, samari. Kun zo lafiya? Ya gajiya? Ya aka baro mutanen gida?"

"Tambaya na yi maka."

"Na ji. Zan nuna. Amma baƙo ba ya tambayar hanya a kan babur, ku sauka ku jiƙa maƙoshi."

Na ga hannun yaron ya koma kan bindiga. Daidai nan na bayansa ya leƙo, ya hango butar, ya tuntsire da dariya.

"Kai, dubi butar tsohon nan. Baba, ta jikarka ce?"

"Daga Caina ta zo. Abin da manyan sojojinsu ke sha ke nan kafin tafiya. Kofi uku, ka kwana biyu ba ka san gajiya ba."

Ban taɓa jin Kawu ya yi ƙarya ba sai ranar. Ta fito masa sumul kamar ya saba. Babban nasu ya kashe babur.

"Kai za ka fara sha."

"Dama mai gida ke farawa."

Huɗu suka shigo, biyu suka tsaya a waje. Kawu ya ɗauki butar ƙarfen da muke tafasa ruwa, wadda na san a cike take, ya kwarare ta duka a kan ƙaramar da kofunan, ya girgiza ta ya ce ruwa ya ƙare. Ya ce in shiga in ɗebo na sama a randar Iya, don ganyen ba ya son na rijiya.

"Ba inda za shi," in ji babban.

"To ni in je. Da gwiwar nan sai ku jira magariba."

Yaron ya dube ni, ya ga zazzaɓi ya galabaitar da ni. Ya yi tsaki ya ce in yi sauri. Kawu ya dafa kafaɗata kamar zai gyara zama, bakinsa ya zo daidai kunnena. Abin da ya ce ke nan, ban ƙara ba ban rage ba: "Zan riƙe su. Gidan Alhaji tukuna. Kowa rafi."

Na shiga, na ce da Iya ta fita ta baya. Na haura katanga, na bi lungu a guje. Ɗiyar Kawu tana tankaɗe, na ce mata mutanen daji, ku bi cikin dawa zuwa rafi, yanzu. Ta ce Hajiya fa? Muka ɗaga tsohuwar muka sa a baro. Na bar su suna turawa, maganar kuma ta bi katanga-katanga zuwa sauran gidaje. Na dawo ta inda na fita, na cika buta.

"Ka daɗe," in ji babban.

"Randar ta yi ƙasa, sai da na tace."

Bai bi ta kaina ba, don Kawu ya samo sauran ruwa a butar alwala yana yi musu wasan huda. Ya ɗora yatsa, ruwa ya tsaya. Ya ɗaga, ya zubo. Mai dariyar nan ya ajiye bindiga a cinya ya ce a ba shi ya gwada. Kawu, wanda ni sai da na shekara kafin ya bar ni na riƙe butar, ya miƙa masa.

Aka jira ruwa ya tafasa. Ya ɗumama butar, ya ɗumama kofuna. Ya ɓanɓaro ganye kamar mai cire ƙaya daga ido. Ya wanke ganyen sau biyu maimakon ɗaya. Da ya zuba ruwan da za a sha ya rufe, na bi leɓensa ina ƙirgawa a zuci. Goma ta wuce. Ashirin ta wuce. Sai da ya kai ɗari. Abin da ya fito baƙi ƙirin kamar ruwan rini. Kawu ya fara sha, ko gira bai motsa ba. Kofi uku ne, mutum shida, ga sharaɗin kowa sai ya sha uku. Ka yi lissafin zagayen. Duk zagaye ɗari yake ja.

A na huɗu babban ya tofar.

"Wannan maɗaci ne. Baba, wasa kake da mu?"

"Magani ai da ɗaci."

Ya miƙe tsaye. A raina na ce baron nan ko rabin gona bai kai ba. Sai mai dariyar ya ce akwai sukari a jakarsa, da gwangwanin madara. Babban ya ce a kawo. Kawu ya miƙa kofi don a zuba a ciki.

"A'a. Cikin butar. Ya dahu tare."

Na ga Kawu ya dubi butar. Bai daɗe ba, kamar numfashi biyu. Sannan ya buɗe murfin, ya karɓi ledar, ya zuba da hannunsa. Ya huda gwangwanin da wuƙar ganye ya tsiyaya madara a kai. Sukarin da ganyen suka toshe bakin butar, ya nemi tsinke yana tsokacewa a hankali, wannan ma ya ci lokaci. Babban ya koma ya zauna. Da zaƙi ya shiga sai suka saki jiki, har suna gardamar wanda aka tsallake.

Inuwar bishiyar bedin ƙofar gida tana gindin katanga da suka zo. Da suka miƙe ta kai tsakiyar hanya. Ba wanda ya kira la'asar ranar.

"To, Baba. Gidan."

Kawu ya fito ƙofar zaure ya ɗaga hannu ya nuna. "Mai jan ƙyaure." Ya nuna, ba zan ɓoye ba. Waɗanda suka maƙale a ɗakuna suna leƙe ta kafar ƙofa, wannan suka gani, da shayin.

Sun kwashe shanun huɗa biyu, sun ɗauki babur, sun cinna wa rumbu wuta don haushi. Mutum ko ɗaya ba su samu ba. Da za su fita babban ya tsaya a ƙofarmu.

"Gidan ba kowa."

"Ranar kasuwa ce, ɗana."

Ya daɗe yana duban butar a kan tire.

"In na ji wasa ka yi da hankalina, ba kai zan taɓa ba. Ka tsufa. Gidan nan zan share, har kaji."

Da ƙararsu ta ɓace Kawu ya ce da ni, "Ka ji shi. Magana a garin nan ba ta kwana sai ta kai daji. Daga gona ka hango babura, ka ruga ka faɗa. Ni tsoro ne ya kama ni na ba su shayi. Haka za ka ce."

"Kawu, za a zage ka."

"Zagi ba ya ƙona rumbu."

Bai wanke butar ba. Ya juye ganyen, ya naɗe ta a tawul ɗinta ya tura can saman katangar ɗaki. Daga ranar ruwan zafi zalla yake sha. Mutane suka ce kunya ce ta hana shi.

Ni kuma na ci yabo. Alhaji ya ɗinka mini shadda da sallah, na sa har ta koɗe. A ranar da ya ba ni ita ya wuce Kawu a ƙofar masallaci bai gaishe shi ba. Ya hana jikokin Kawu na gidansa zuwa. Zauren da ake cika da la'asar ya koma ni kaɗai, wata rana ni ma ina jin nauyin a gan ni a ciki. Wannan ban taɓa faɗa ba sai yanzu. Da ciwo ya kwantar da shi na ce, Kawu, an ce an kashe yaron nan, in faɗa? Ya ce, "Yaransa fa? Bari in tafi tukuna. Sauran kai da Iyarka."

Washegarin rasuwa na shiga wurin Iya tana takaba. Na fara kame-kame. Ta ce, "Na sani. Shekara hamsin ina tare da mutum, ya sa sukari a butar nan, ka ce mini tsoro ne? Faɗa. Me ya rage su ɗauka?"

Na sauko da butar. Tururuwa sun yi gida a ciki sun tashi, sai warin tsohuwar madara. Kawu ya taɓa gaya mini yadda mutuminsa yake fara sabuwar buta, sai na bi haka, don ban san wata hanya ba. Na shimfiɗa tsumma mai tsabta a gindin tukunya don kada ta bugu, na kwantar da ita da murfinta daban, na rufe su da ruwan sanyi, na ɗora a wuta kaɗan. Ta daɗe tana ɓararraka, na sauke na bar ta ta huce a cikin ruwan, don in ka fito da yumɓu mai zafi iska za ta fasa shi. Sau uku na canza ruwa, maiƙo yana tasowa. Na huɗu na jefa ganye a ciki na bar ta ta jiƙu. Sabulu yana kusa da ni, ban taɓa ba.

Ranar sadakar uku an fi taruwa. Liman ya yi addu'a, aka raba gumba da dabino, mutane suka fara neman takalma. Na fito da kurfoti da tire na ajiye a tsakiyar tabarma. Da aka ga butar sai masu neman takalma suka tsaya.

Liman ya ce, "Malam, yau ba ranar wannan ba ce."

"Allah gafarta Malam, yau ce. Ba ni da wata."

Na ɗumama ta, na wanke ganye. Ina yi ina faɗin abin da na rubuta a sama. Ban iya tsara magana ba, yadda ta zo haka na zubar. Ban kai ƙarshe ba Alhaji ya juyo gaba ɗaya, karo na farko a kwana uku.

"Tsaya. Ya nuna gidana ko bai nuna ba?"

"Ya nuna."

"To me ya rage?"

"Alhaji, nawa suka daɗe a zauren nan?"

"Wa bai sani ba? Sun fi awa. Suna ta kurɓa kamar gidan ubansu."

"Daga nan zuwa ƙofarka a kan babur, nawa ne?"

Wani daga baya ya ce ko minti biyu bai kai ba.

"Hajiya a cikin baro, mata ke turawa, ta cikin kunyoyin dawa, zuwa rafi. Nawa ne?"

Alhaji ya juya ya dubi wajen rafi. Ya fi kowa sanin hanyar, gonarsa ce.

"Ai kai ka fitar da su," ya ce, muryar ta sauka. "Kai ka hango su daga gona."

"Ban hango komai ba. Nan nake zaune, inda kake ganin tiren nan. Shi ya aike ni. Na sa shaddarka shekara biyu, shi kuma ka daina gaishe shi."

"Me ya hana shi faɗa?"

Na maimaita abin da yaron ya ce a ƙofa, har kajin. Liman ya ce in rage murya. Mutane suka fara duban juna, wasu suka dubi hanyar yamma. Wani ya miƙe ya zaga bayan masallaci. Har yau ban sani ba ko fitsari ya je ko waya.

Na zuba ruwa na rufe, na ja istigfari goma, na tsiyaye a kofuna uku. Ɗaya na miƙa wa Liman. Ɗaya na miƙa wa dattijon da ya ce Allah ya san na kirki, ya karɓa da hannu biyu, kansa a ƙasa. Na ukun na ajiye gaban Alhaji. Ya bar shi a wurin har tururi ya daina tashi. Can ya ɗauka ya kurɓa, ya riƙe a baki kafin ya haɗiye.

"An ce ba ya sa sukari."

"Ban sa ba."

"Akwai zaƙi-zaƙi."

"Nasu ne. Bai gama fita ba."

Ya shanye sauran, ya kife kofin a kan tire a hankali.

Ba kowa ya yarda ba. Akwai masu cewa ɗan ƙanwa ne, dole ya wanke kawunsa. Kuma magana ta riga ta fita, don haka kafin sati ya zagayo mun ɗora Iya da jikoki da 'yan kaya a a-kori-kura zuwa Batsari, ɗaki biyu a gidan wani ɗan'uwa. A nan nake wannan rubutu. Gonar Kawu tana can, ban san wanda zai girbe ta ba. Butar tana tare da ni, kullum bayan la'asar nake zuba mata ganyenta. Kawu da ya sani ya ce shekaru buta take ɗauka kafin ta riƙe ganye. Ni yanzu na fara.

Amma a ranar, da jama'a suka watse, Alhaji bai tashi ba. Rana ta riga ta karkata, lokacin da ko mai neman akuya ba ya nufar bakin daji. Ya sa wayarsa a aljihu.

"Ina aka sa shi?"

"Gobe da safe sai mu je da mutane."

"Yanzu."

Muka tafi mu biyu, kowa kunnensa yana hanya. Sababbin kaburbura sun yi yawa a wurin, duk ƙasarsu ja ce, ba ka bambancewa. Ya tsaya yana dube-dube.

"Ka nuna mini."

Na ɗaga hannu na nuna. Ya cire takalmi tun daga nesa.

Allah, ka san awar nan fiye da mu da muka ƙirga ta. Ka sa ta a mizaninsa, ka yalwata masa makwanci, ka shayar da shi abin da babu ɗaci a cikinsa. Mu da muka rage, ka yafe mana abin da muka faɗa da abin da muka yi shiru a kai.